Rim ɗin babur ya fara tsatsa: foyil, man goge ƙarfe, kaki ko fenti, wanne za ka ɗauka?

Rim ɗin babur ɗina na farko ba damina ce ta kashe shi ba, wanki ne. Wata Asabar na kai shi wajen masu wankin mota na bakin titin unguwarmu, lokacin ɗigo-ɗigon tsatsa ya fara fitowa a gindin sifok, wato wayoyin ƙarfen nan da ke riƙe da rim. Yaron da ke wankin ya duƙa ya duba, ya ce, "Yallaɓai, bari in sa masa magani, yanzun nan zai koma dal." Ya ɗauko wata gorar ruwa da shuɗin abu a ciki, ya tsiyaya a soso ya shafa. Ina tsaye tsatsar ta narke. Har ƙarin kuɗi na yi masa don jin daɗi. Ba a yi wata guda ba rim ya dushe, ya koma rawaya-rawaya kamar tsohon kwanon sha, sifok kuwa suka yi jawur gaba ɗayansu. Da na je faci, dattijon da ke gyara mini taya ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wa ya wanke maka wannan da maganin masai?"

Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Yawancin magungunan wanke masai masu ƙarfi asid ɗin haidurokulorik ne a cikinsu, shi ne kuma abin da masu sana'ar rufa ƙarfe suke tsoma kaya a ciki idan suna son su tuɓe tsohon kurom. Wato da kuɗina aka saɓule wa babur ɗin rigarsa.

Wannan farin sheƙin da wasu ke kira silba, wanda ke jikin rim da salansa da ƙarfen kariya da bayan madubi, ba ƙarfe ne mai kauri ba. Shafe ne. Ana ɗaukar baƙin ƙarfe a rufa shi da nikel, wani lokaci da tagulla a ƙarƙashi, sannan a ɗora kurom a sama. Kaurin kurom ɗin bai kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba. Silin gashin kanka ya ninka shi kauri fiye da sau 100. Shi kansa ba ya tsatsa. Amma yana da ƙananan ƙofofi da tsaga waɗanda ido ba ya gani, ta nan danshi ke ratsawa ya iske baƙin ƙarfen da ke ƙasa, tsatsa ta kumbura ta huda ta fito. Shi ya sa take fara bayyana ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. A baburan da aka fi hawa a wajenmu, waɗanda aka ƙera don talaka ya iya saye, shafen nikel ɗin ma ba wani kauri gare shi ba, don haka ƙurajen kan zo da wuri.

Abu biyu ne suka fito daga nan, kuma su ne gindin duk zaɓin da za ka yi. Duk abin da ke goge tsatsa da ƙarfi yana cin kurom ɗin, abin da ya ci kuma ba ya tsirowa. Sannan gogewa daban, karewa daban. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan na farko, su bar na biyu, bayan mako biyu su ce maganin jabu ne.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kowace hanya na auna ta da tambaya biyar. Nawa za ta ci, ba yau kaɗai ba, a shekara? Kwana nawa aikinta ke yi kafin a sake? Wace irin wahala ce da ita, za ka iya a ƙofar gida ko sai ka nemi mai yi? Wane haɗari ne a cikinta, ga kurom ɗin da kuma ga ranka, tunda rim maƙwabcin birki da taya ne? Ta ƙarshe, wadda kwalin kayan ba ya faɗa maka domin ba don ƙasarmu aka rubuta shi ba: yaya take da ƙura? Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana a kan komai. Duk abin da ya bar maiƙo a jikin ƙarfe zai kama ƙurar nan ya riƙe. Daga Yuni zuwa Satumba kuma taɓo ne da ruwan kwata. Abin da ya yi wa wani lokacin daidai yana iya zama cuta a ɗayan.

Kafin komai, nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka manna. In ya kama, baƙin ƙarfe ne mai rufin kurom, duk bayanin nan naka ne. In bai kama ba, ko dai alminiyom ne, kamar rim ɗin da ba su da sifok, ko kuma roba ce da aka yi wa shafen sheƙi, irin ta zoben fitila da tambarin tanki. Robar nan ruwa da sabulu da tsumma mai laushi kawai take so. Ka sa mata man gogewa sau biyu, za ka ga baƙi ko ruwan madara ya leƙo.

Hanyoyin gogewa

Ruwa da sabulu. Wannan ba zaɓi ba ne, tilas ne, sai dai akwai yadda ake yi. Omo yana fitar da datti sosai amma yana da kaifi, yana wanke duk wani kaki da ka shafa, in kuma ba a ɗauraye shi da kyau ba gishirin da ke cikinsa yakan maƙale a gindin sifok ya riƙa jan danshi. Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi shi sauƙi, shamfun wankin mota ya fi duka. A fara watsa ruwa ya sauke ƙura kafin soso ya taɓa ƙarfe. Ɗabi'ar nan tamu ta zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin sit a goge babur kowace safiya ita ke zana wa rim siraran layukan da ake gani idan rana ta haska. A bar salansa ta huce kafin ruwa ya taɓa ta. In da injin feshin ruwa ake wankin, kada a saita bakinsa a kan boris ɗin taya ko cikin birki. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne wanda kowa ke tsallakewa: tsanewa. Ka goge ruwan tas, ka hau babur ɗin ka ɗan zagaya ka tattaka birki, domin ruwan da ya kwanta a ramin sifok ya fita. Kuɗin wannan kusan babu, haɗari babu, amma ba ya cire tsatsa, ba ya kuma hana ta.

Takardar foyil da ruwa. Ita ce wadda masu gasa kifi da kaza suke naɗe nama da ita. A yagi kamar faɗin tafin hannu, a ɗan dunƙule, a tsoma a ruwa, a riƙa murza wurin tsatsar a hankali. Alminiyom ya fi kurom laushi nesa ba kusa ba, don haka yana kankare tsatsar da ta haye sama ba tare da ya ji wa kurom ciwo sosai ba. Za ka ga wani baƙin ruwa yana fitowa. A share shi, a sake sabuwar takarda idan ta yage. Wasu suna tsomawa a ruwan khal maimakon ruwa, yana kuwa hanzarta aikin, tunda akwai asid mai sauƙi a cikinsa, kimanin kashi 5 cikin 100. Sai dai kada a bar shi ya jima, a kuma ɗauraye da ruwa mai yawa, musamman saboda sifok. Yawancin sifok ba kurom ne a jikinsu ba, tutiya ce, ita kuwa kowane irin asid cinye ta yake yi, har da lemon tsami. Masu cewa Coca-Cola ba ƙarya suka yi ba, akwai ɗan asid ɗin fosforik a ciki, amma sukarin da zai bar maka da tururuwar da zai gayyato sun fi amfanin yawa. Gara ka sha abinka.

A wajena foyil ita ce ta ɗaya wajen ƙaramar tsatsa. Naɗi ɗaya zai kai ka shekara. Wahalarta lokaci ce: taya ɗaya mai sifok 36 za ta ci maka rabin awa ko fiye, da ciwon yatsu. Kuma ba ta bar wata kariya a baya. Ƙofofin da tsatsa ta fito ta cikinsu suna nan a buɗe, har ma sun fi dā buɗewa. In ka tsaya a nan, ruwan sama biyu ya isa tsatsar ta dawo.

Man goge ƙarfe. Wanda ya fi suna shi ne Autosol, da ake yi a garin Solingen na Jamus, a cikin matsi irin na man goge baki mai mililita 75. Akwai ire-irensa da yawa, akwai kuma jabu, don haka a saya a shagon da aka yarda da shi. A cikinsa akwai gari mai laushi ƙwarai wanda ke goge dushewa, da ɗan maiƙo da ke kwanciya bayan an share. Kamar ƙwayar masara ya isa wuri mai faɗin tafin hannu. Sheƙin da yake bayarwa babu na biyunsa a duk jerin nan, har fuskarka za ka gani. Matsalar ita ce daɗin sheƙin yana sa mutum ya mai da shi aikin kowane mako, alhali kowace gogewa tana rage wani abu daga rigar da dama can ba kauri gare ta ba. Ranar da ka ga wani wuri ya fara komawa rawaya-rawaya, nikel ka tarar, ka tsaya. Sau biyu ko uku a shekara ya wadatar. Brasso kuma, wanda iyayenmu sojoji da 'yan sanda suka saba goge maɓalli da shi, don tagulla aka yi shi. Zai yi aiki in babu wani, amma ba shi zan fara nema ba. Kuɗin man gogewa matsakaici ne, kuma matsi ɗaya yana daɗewa in ba a yi almubazzaranci ba.

Salansa tana da nata hali. Shuɗi ko ruwan zinaren da ke fitowa kusa da inji ba datti ba ne, zafi ne ya canja launin ƙarfen. Man gogewa yana rage shi, ya sake dawowa. In ya yi yawa farat ɗaya, kafireto ko wuta za a duba wajen makaniki, ba tsumma za a ƙara ba.

Soson ƙarfe, toka, yashi da samfefa. Na haɗa su wuri ɗaya domin hukuncinsu ɗaya. Soson wanke tukunya na ƙarfe, da tokar murhu da ake gogar gindin tukunya da ita, da ɗan yashin da yaran wanki ke dangwala a soso, duk suna fitar da tsatsa nan take, suna kuma barin zane da ba ya gogewa. Garin neman gira a rasa ido. Akwai soson ƙarfe mai laushi kamar auduga, mai lamba 0000, wanda masu gyaran tsofaffin babura ke amfani da shi tare da mai. Wannan daban ne, kuma ko shi sai an share burbushinsa tas, don burbushin da kansa tsatsa yake yi. Samfefa kuwa wurinta ɗaya ne: ranar da ka yanke shawarar fenti.

Hanyoyin karewa

Baƙin mai, gas da kalanzir. Wannan ita ce hanyar tasha. An canja man inji, sai a dangwali tsohon da tsumma a shafe rim da sifok, babur ya yi ta ƙyalli. Gaskiya ɗaya ce, yana hana ruwa zama, kuma kyauta ne. Na san masu haya da suka shekara da shekaru a kansa, sifok ɗinsu bai yi ja ba. Amma a duba abin da ake biya ta bayan gida. Baƙin mai cike yake da toka da burbushin ƙarfen inji. Da hunturu, kafin ka kai kasuwa ƙura ta manne masa ta zama wani kunu mai kaushi, gobe ka sa tsumma ka murza wannan kunun a kan kurom. Yana naso ya taɓa gefen taya, roba kuwa ba ta shiri da mai. Mafi muni, idan taya na juyawa yana fallatsa, in ya samu hanyar birki to ranar da ka taka za ka ji babur ya ƙi tsayawa. Masu ƙera babura ma suna gargaɗi a littattafansu cewa yawan barin tsohon man inji a fata yana da illa. Gas da kalanzir suna da amfani wajen narkar da kwalta da giris ɗin cen da ya fallatsu a rim na baya, amma a matsayin abin wankewa, a bi su da sabulu. Barin su a jiki ba kariya ba ce.

Man feshi irin WD-40. An ƙirƙiro shi a 1953 a San Diego ta Amurka don hana jikin makamin roka tsatsa, aikinsa na asali kuwa korar ruwa ne. A nan yake da ƙarfi: ka dawo cikin ruwan Agusta, ka tsane babur, ka fesa a tsumma ka bi gindin sifok, danshin da ya laɓe zai fita. A tsumma na ce, ba a kan taya ba, musamman in birkin gabanka na faifai ne. Mafi yawansa yana bin iska, ya bar ɗan siririn maiƙo wanda ba ya wuce kwanaki, iyaka mako ɗaya zuwa biyu, ko wanki ɗaya. Sauƙi gare shi ƙwarai, amma gwangwani ba ya araha, in kuma shi kaɗai ka dogara da shi za ka sayi da yawa a shekara. Ƙura tana kama shi, ko da yake ba kamar baƙin mai ba.

Kakin mota. Shi ne wanda ake sayarwa a gwangwani mai faɗin baki a shagunan kayan mota, irin su Turtle Wax. Mai kyau a cikinsa akwai kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Ana shafa shi siriri a busasshen ƙarfe mai tsabta, a inuwa, a bar shi ya yi hazo-hazo, a goge da tsumman auduga mai laushi. Tsohuwar singileti ta fi komai. Abin da ya sa na fifita shi: yana cike ƙofofin nan da muka yi magana, sannan yana bushewa. Ba ya danƙo. Ƙura takan hau ta sauka da ruwa kaɗan, taɓo ba ya kama shi da ƙarfi. Wata ɗaya zuwa biyu yake yi, ƙasa da haka in ana wanki da omo. Gane ƙarewarsa ba wuya: watsa ruwa, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da sauransa, in ya shimfiɗe ya kwanta, lokaci ya yi. Akwai kuma na haɗin kamfani, mai ruwa-ruwa a kwalba, wanda ke kai wata 3 zuwa 6, ya ɗan fi tsada, sheƙinsa bai kai na karnoba zurfi ba amma ya fi jure wanki.

Gwangwani ɗaya da mota za ta cinye cikin 'yan watanni, babur zai shekara bai ga ƙasansa ba, har da tanki da madigadi. Mutum huɗu a majalisa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya. Rauninsa zafi ne: karnoba tana narkewa a wajen digiri 82, wuyan salansa kuwa yana haura haka sau da yawa, don haka can ƙonewa zai yi ya bar tabo. A tsaya a rim, kariya, kan babur da murfin salansa na baya da ba ya zafi sosai. Kada ya taɓa faifan birki ko tafin taya. In babu kakin mota a garinku, man takalmi marar launi, irin na masu shushaina, shi ma kaki ne, zai riƙe ka mako biyu ko uku. Na gwada a ƙauye, bai ba ni kunya ba.

Basilin yana da gurbi ɗaya: babur ɗin da za a kulle a ɗaki watanni. A lafta masa, a rufe da zane, in an dawo a wanke. Na hawa kullum kuwa, matsalarsa ta baƙin mai ce.

Rufin seramik. Sabon yayi ne, ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba, yawanci mililita 30, wanda in ya bushe yake zama kamar siririn gilashi. Mai kyau yana iya kai shekara. Amma sharuɗɗansa da yawa: ƙarfen ya zama babu tsatsa ko ɗigo, a goge shi da sifirit har babu maiƙo, a shafa a ɗaki marar ƙura, a hana shi ruwa kwana ɗaya cur. Duk wanda ya san Janairu a Katsina ko Damagaram ya san ɗaki marar ƙura sai dai a mafarki. In ka shafa a kan tsatsa, ka rufe ta ne tana ci gaba da aikinta a ciki. Shi ya fi kowane abin shafawa tsada, na arahar da ke yawo a intanet kuma sau da yawa bai fi kaki daɗewa ba. Ga sabon babur mai tsada, kwalliya na iya biyan kuɗin sabulu. Ga babur ɗin haya, a'a.

Fenti. Kashi biyu ne. Akwai masu fesa kiliya, fentin nan marar launi, a kan kurom mai kyau don su huta. Ba na ba da wannan shawara. Fenti yana son wuri mai kaushi da zai riƙe, kurom kuwa santsi ne. Bayan 'yan watanni sai ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, ya yi rawaya, ruwa ya shiga ƙarƙashi. Amma rim ɗin da kurom ɗinsa ya riga ya mutu, ya fara ɓanɓarewa, fenti ne gatansa. A cire taya, a kankare da samfefa har sheƙi ya ɓace, a sa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a bi da baƙi ko ruwan toka shafi biyu. In an yi da kyau zai kai shekara ɗaya zuwa biyu. Abokin gabansa ƙarfen mai faci ne, duk cire taya sai ya ɓantare baki, sai a riƙa ɗigawa. Ni baƙin rim mai tsabta ya fi mini kyan gani a kan silba mai ƙuraje.

Sabon rim ko sake kurom. Rim na inci 17 ko 18 na baburan da aka saba da su ba ya wuyar samu. Kayan da ke fitowa ta Nnewi da Legas sun cika shaguna daga Sabon Garin Kano har Maraɗi. Sai dai daraja-daraja ne, araha kuma ba ta ado: mafi sauƙin kuɗin yakan fara ɗigo tun daminar farko. A ƙara da kuɗin mai ɗaurin sifok, kuma a nemi gwani, don rim ɗin da ba a saita ba rawa yake yi a kan titi. Sake kurom kuwa aikin masana'anta ne, ana tuɓe tsohon, a goge, a tsoma a kwamin nikel sannan na kurom da wutar lantarki, da sinadarai masu guba. Kuɗinsa yakan zarce na sabon rim. Ba ya da ma'ana sai ga kayan da ba a samunsu kuma, kamar tsohuwar Honda Benly ko Vespa ta zamanin Udoji da mutum ya gada wajen mahaifinsa.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ruwa da sabulu | Kusan babu | Har datti na gaba | Kaɗan | Babu, in an tsane |
| Foyil da ruwa | Kaɗan ƙwarai | Ba ta karewa | Cin lokaci | Kaɗan. Khal na cin sifok |
| Man goge ƙarfe | Matsakaici | Makonni | Matsakaiciya | Yawan yi na cinye kurom |
| Soson tukunya, toka, yashi | Babu | Ba sa karewa | Kaɗan | Zane na dindindin |
| Baƙin mai | Babu | Kwanaki | Kaɗan | Birki, taya, ƙura |
| Man feshi | Matsakaici, a kai a kai | Mako 1 zuwa 2 | Kaɗan ƙwarai | Birki, in an fesa kai tsaye |
| Kakin mota | Matsakaici, sau ɗaya | Wata 1 zuwa 2. Na haɗi 3 zuwa 6 | Kaɗan | Ƙonewa a salansa |
| Seramik | Mai yawa | Kimanin shekara | Babba | Jabu. Rufe tsatsa |
| Fenti | Matsakaici | Shekara 1 zuwa 2 | Babba | Ɓarewa in ba a kankare ba |
| Sabon rim | Mai yawa | Gwargwadon daraja | Sai gwani | Rashin saiti |

Wane ne kai a cikinsu?

In babur ɗinka sabo ne, ledar sit ma ba ka cire ba, kada ka sayi man gogewa, babu abin da zai goge. Sayi kaki tun makon farko, ka shafa kafin ruwan farko ya sauka, ka sake duk lokacin da ruwa ya daina dunƙulewa. Kai ne mafi sa'a a jerin nan, kai ne kuma mafi ƙarancin kashe kuɗi.

In ɗigo-ɗigo ya fara amma yatsa bai ji rami ba, wanka, foyil da ruwa, man gogewa sau ɗaya in kana son sheƙi, sannan kaki a ranar, ba gobe ba.

Ɗan acaɓa ko mai kabu-kabu da ke kan hanya daga asuba zuwa isha ba shi da lokacin ado. Shi abin da zai yi masa: sabulun ruwa maimakon omo, tsanewa, kaki na haɗi sau ɗaya a farkon damina da sau ɗaya a tsakiyarta, da ƙaramin gwangwanin man feshi don gindin sifok a ranakun da aka kutsa ruwa. In ya nace sai mai, to sabon man inji ɗigo biyu a tsumma, a sifok kaɗai, da damina kaɗai.

Wanda ke zaune a bakin teku, a Legas ko Kwatano ko Akara ko Duwala, iskar gishiri ce ke cin ƙarfensa ko babur na ajiye. Shi zai ninka abin da ɗan Arewa ke yi: ɗauraya da ruwan daɗi duk mako, kaki duk wata, kuma shi ne wanda seramik zai fi yi wa amfani in aljihu ya yarda. Rim na alminiyom, in ana samun na samfurin babur ɗinsa, zai raba shi da rabin wahalar.

Mai babur na ƙawa, wanda ake fitowa da shi ranar Juma'a da Sallah, seramik ko kaki mai kyau, da rumfa ko zanen rufewa mai shan iska. Leda tana tara gumi a ƙarƙashi.

In kuwa kurom ya fara tashi ɓawo-ɓawo, farce yana shiga ƙarƙashinsa, bar sayen magani. Fenti ko sabo. Abin da zai raba maka gardama tsakanin biyun yana ciki, ba waje ba. Ranar da za a yi maka faci, ka ce wa mai facin ya ɗaga robar da ke kwance a tsakiyar rim, wadda ke rufe kawunan sifok. In tsatsar ciki ja ce kawai, a kankare, a shafa fentin hana tsatsa, a sa sabuwar roba. Dama tsatsar nan ce ke huda tiyub a rasa dalili. In ƙarfen yana ɓarɓashi, ko ramukan sifok sun fara faɗi, ko akwai tsaga a bakin da taya ke zama, wannan rim ɗin kada ya sake ɗaukar mutum, a cire sifok ɗin da suka rage da kyau a sayar da shi wa 'yan gwangwan.